Wankan Boubacar Mai Albasa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Hausawa ta Agege ya san Malam Mato, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan ranƙwafawa da ake gani yana kutsawa cikin lungu, buta biyu a hannu, ƙunshin farin yadi a hammata, tun mata ba su gama sallallami ba. In ka ga ya nufi wani gida a haka, ba sai ka tambaya ba, an yi rasuwa. Shekara talatin da biyar yana wanke mazan unguwar nan yana yi musu sutura, don Allah kawai.

Abincinsa kuwa a goro yake. Kakansa ne ya biyo fataken goro daga wani ƙauye na ƙasar Kano, ya zo Agege da niyyar kwana arba'in, har yau jikokinsa ba su koma ba. A nan aka haifi Mato, a nan ya tashi cikin warin ganyen fita na naɗe goro da hayaniyar jirgin ƙasa. Yarbanci a bakinsa, har matan kasuwa kan manta su yi gulmar Hausawa a gabansa. Arewa sau uku ya taɓa zuwa, kuma duk ukun ya dawo yana ƙorafin ba su iya miya ba. Aikinsa shi ne ɗaurin huhu: ya zaɓe goro, ya ware mai tsutsa, ya shimfiɗa ganye, ya jera, ya rufe, ya ɗaure tamau yadda iska ba za ta shiga ba. Matarsa Kalsum takan tsokane shi, wai shi dai komai ya shiga hannunsa sai ya naɗe shi, in ba ta yi hankali ba ita ma wata rana sai ta farka a cikin ganye.

Wankan gawa a wurin wani dattijo ya koya, Malam Shafi'i, wanda ya rasu tun zamanin soja. Ranar da ya fara shigar da shi ɗakin wanka, bai koya masa yadda ake kama buta ba. Tsayar da shi ya yi a bakin ƙofa ya ce, "Mato, mai wanka ba shi da ido, ba shi da baki. Hannu kawai gare shi. Abin da ka taras a ƙarƙashin mayafi, kai da shi kabari ɗaya." Mato ya riƙe wannan magana da kyau. Ya ga tabon wuƙa a jikin masu carbi, ya ga layu a ƙugun masu wa'azi, ya ga ramar da babbar riga take ɓoyewa, bai taɓa faɗa wa ko Kalsum ba. Har aka san shi da haka, in ana son a ce mutum ya iya riƙe magana sai a ce kamar Malam Mato.

Sau ɗaya tak bakinsa ya kuɓuce, a shekarar dubu biyu da uku, kan gawar Boubacar mai albasa.

Boubacar mutumin Nijar ne, yana sauke albasa mota-mota, kuma Allah Ya buɗa masa har ya yi shago biyu. Mutum ne mai fara'a, sai wata shekara ya yi tafiya, aka ce jinya, ya yi wata biyar bai dawo ba. Da ya dawo sai ya zama wani daban. Ya rame, ya koma sa riguna masu faɗi, yana zuba turare har ka ji zuwansa tun daga kan kwana. Ya daina cin abinci cikin mutane. A masallaci ya bar sahun gaba, ya koma can ƙarshen sahu, jikin ƙofa, ana sallama ya zare takalmi ya fita. Abin da ya fi ba mutane mamaki, mai albasa ya daina cin albasa. Ko tsire aka saya sai ya ce a kwashe ta. Kasuwa kuwa sai ƙara gaba take. Ka san mutanen Agege, ba sa ganin abu biyu kusa da juna su bar su haka nan ba su ƙulla su ba. Amma dai magana ce a ƙasa-ƙasa, ba wanda yake da hujja.

Shekara huɗu a haka, wata Laraba da hantsi Boubacar ya cika. Aka kira Malam Mato, ya zo da abokin aikinsa Iliyasu, sa'ansa ne, shi ke zuba masa ruwa tun farkon fara aikinsu. Suka rufe ƙofa, suka rufe gawar daga cibiya zuwa gwiwa kamar yadda aka saba. Mato ya naɗe tsumma a hannun hagu, ya karkata mamacin, ya sa hannu ƙarƙashin mayafi don ya yi masa tsarki. Hannu ya tafi inda ya saba zuwa, bai taras da komai ba. Ya sake lalubawa. Babu hanya. Wurin a shafe yake sumul, sai wani dogon tabo da ya ji a ƙarƙashin yatsunsa. Da ya zo matsa cikin a hankali, sai ya ji leda. Ya ɗaga gefen mayafin, abin da bai taɓa yi ba, ya ga wata 'yar jaka manne a gefen hagu na cikin, ƙarƙashinta wani nama ya turo waje kamar ɓarin jan goron da ya kwana biyu. Ya ɗago ya dubi Iliyasu. Iliyasu yana kallon rufin ɗaki, buta a hannunsa, kamar mai ƙirga kwanon rufi. Suka gama, suka toshe wurin da auduga, suka yi sutura, aka kai shi.

Washegari da safe Mato ya zauna a teburin shayin Habibou, wani ɗan Nijar da ke bakin layin dogo. Akwai Saminu direba, da Audu Dogo, da Shamsuddeen tela, da wasu mutum uku. Saminu ne ya ce, "Malam, jiya kun daɗe a ɗakin nan fa. Lafiya?" Da Mato ya kurɓi shayinsa ya yi shiru, da shi ke nan. Amma abin ya kwana yana cinsa, ga tsoro, ga kuma wani ɗan daɗi na wanda ya san abin da kowa bai sani ba. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Shekara goma sha biyar ina wanka, ban taɓa ganin mutumin da aka cire masa dubura aka ɗinke ba sai jiya. Ga rami kuma a ciki." Maimakon ya tsaya nan, sai ya ƙara da cewa, "Allah dai Ya raba mu da arzikin da sai ka ba da naman jikinka."

Kafin azahar maganar ta kai Iyana Ipaja. Boubacar ya sayar wa matsafa da sassan jikinsa, shi ya sa shago ya zama biyu. Turaren don ya danne warin ruɓa ne. Rashin cin albasa sharaɗin boka ne. Ƙarshen sahu kuwa, ai mala'iku ne ba sa barinsa ya matsa gaba. Kuma wa zai yi musu, tunda daga bakin Malam Mato ta fito, mutumin da ba ya magana? Ranar sadakar uku matar mamacin ta soya waina ta aika gida-gida, aka riƙa mayar da ita ba a taɓa ba. Aka ƙaurace wa shagunan har albasa ta tsira a cikin buhu. Tana gama takaba ta kwashe kayanta da 'yarta ɗaya, suka bar unguwar. Mato ya ji ba daɗi, ya yi istigfari, ya ƙudurta ba zai ƙara ba, kuma bai ƙara ɗin ba. Amma a ransa ya ci gaba da ɗauka gaskiya ya faɗa, laifinsa kawai ya faɗe ta.

Shekara ashirin suka wuce. Yana da sittin da biyar ya fara ganin jini in ya zaga. Basir ne, in ji kowa, ai duk mai zaman ɗaurin goro yana da shi. Ya sha jiƙon masu lasifika a bayan mota, ya sha agbo, jiƙon matan Yarbawa, har harshensa ya yi baƙi, ya zauna cikin ruwan ɗumi da bagaruwa. Shekara ɗaya da rabi yana wannan wahala. Sai ya fara jin kamar bai gama ba alhali ya gama, ya koma sau shida, sau bakwai, wando ya fara zame masa. Kalsum ce ta tsaya masa a ka, ta ce ita ba ta shirya takaba saboda kunyar likita ba, ta tusa ƙeyarsa cikin motar danfo suka tafi babban asibiti.

Aka zura masa na'ura, aka gutsiri nama aka kai gwaji, aka ɗauki hoto. Likitan wani matashi ne Bayarabe, da ya ji Yarbancin Mato sai ya saki jiki, ya jawo takarda ya zana hanji.

"Baba, ciwon daji ne, a ƙarshen hanji. Sa'ar da muka yi, bai bazu ba. Za a fara yi maka gashi da na'ura, a ba ka magani, ya ragu. Amma ƙarin ya sauka ƙasa sosai, ya kama naman da ke riƙe bayan gida. In muka bar ƙofar, mun bar ciwon. Dole mu cire ƙarshen hanjin da duburar gaba ɗaya, mu ɗinke wurin. Sai mu fito da bakin hanjin ta nan." Ya taɓa gefen hagu na cikinsa da biro. "Za ka riƙa manna jaka."

Kalsum ta ce, "Likita, zuwa yaushe?"

"Mama, har ƙarshen rayuwa."

Mato ya ƙura wa takardar ido. Idonsa yana kan zanen, amma ba zanen yake gani ba. Tafin hannunsa na hagu ne ya ɗauki sanyi, yana jin wani santsi a kan yatsunsa kamar yanzu ya cire hannun daga ƙarƙashin mayafi. Can ya ce, "Na taɓa gani."

Likita ya ji daɗi. "To madalla. Ka ga ke nan ka san mutum yana rayuwarsa lafiya da shi. Yaya mutumin yake yanzu?"

"Gawa ce na gani," in ji Mato. Daga nan har suka isa gida bai ƙara buɗe baki ba, Kalsum ta ɗauka tsoron wuƙa ne.

Aka yi gashin, aka yi tiyatar, sa'a biyar yana ciki. Ta wajen likitoci komai ya tafi daidai. Ya farka da ɗinki biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a inda yake zama, wanda ya hana shi zama na makonni, sai dai ya kishingiɗa ta gefe. Kwana na uku wata nas mai ƙiba da fara'a ta zo koya masa canza jaka. Ta ɓare tsohuwar, ta ce, "Baba, e pele, sannu, duba mana, naka ne, ba zai cije ka ba." Ya duba. Jajir yake, da danshi, yana ɗan motsi da kansa. Ta nuna masa yadda zai yanka bakin jakar daidai faɗinsa, yadda zai goge fatar ta bushe kafin ya manna. Sannan ta shiga lissafa masa abubuwan da ke sa iska da wari, in zai shiga mutane ya rage su: wake, ƙwai, kabeji, lemon kwalba, albasa.

"Me kika ce na ƙarshe?"

"Albasa, Baba. Ita ce oga a cikinsu."

Sai ya fashe da wata irin dariya, ɗinkin yana ja, har ta rikiɗe ta zama kuka. Nas ta yi ta lallashinsa, wai ai ba cewa aka yi ya daina ci gaba ɗaya ba.

Da ya dawo gida, ciwon ya warke a hankali, amma Boubacar ya tare a wurinsa. Ba wai ganinsa yake ba, Mato ba mutumin ganin fatalwa ba ne. Wanda ya wanke gawa ta fi dubu ya san matattu ba sa yawo. Abin ya fi haka muni. Duk abin da ya yi, sai ya taras wani ya riga shi yi. Ya sa tela ya buɗa masa riguna don kada jakar ta nuna, yana sawa ya tsaya gaban madubi ya gane yankan rigunan Boubacar. Aka kawo tuwo a rumfar goro ya ce ya ƙoshi, yana faɗa ya ji muryar da ya ari maganar daga gare ta. Kalsum ta je Oshodi ta ce a ba ta turaren da ya fi kowanne kama jiki, ta kawo, ya buɗe kwalbar ya kusa sakinta a ƙasa. Turaren Boubacar ne, ko kuma hancinsa ya ce shi ne.

Ga kuma jikin da ya ƙi yarda an cire masa abu. Yana zaune da rana tsaka sai ya ji matsuwa sosai, a can inda babu komai. Ya zabura ya ɗauki buta, ya shiga banɗaki, ya tsuguna, sannan ya tuna. Likita ya ce ana samun haka, jijiyoyi ne ba su manta ba, zai ragu. Mato ya ji, amma duk lokacin da ya kai hannun hagu da ruwa bisa sabo ya ji wurin a shafe da dogon tabo, sai ya rasa jikin wa yake taɓawa.

Masallaci ne ya fi. Ya san hukuncin, mai lalura irin tasa sallarsa ta yi, ba ruwan Allah da jaka. Amma hanji ba shi da ƙofa yanzu, ba ya neman izini. Ranar da ya fara komawa sahun gaba, ana cikin sujada cikin ya yi wata ƙara, yaron da ke gefensa ya danne dariya. Washegari ya ja baya sahu ɗaya, jibi ya ƙara, kafin mako ya tsinci kansa a ƙarshen sahu, kafaɗarsa tana gogar ƙyauren ƙofa, takalminsa kusa da ƙafarsa. Ya tayar da kabbara, sai ya tuna wa ke tsayawa a nan. Shekara huɗu mutumin nan yana tsaye a wannan wuri yana riƙe da cikinsa, yana roƙon kada ya yi ƙara, su kuwa suna can gaba suna cewa mala'iku ne suka tare shi. Ranar bai san abin da liman ya karanta ba.

Wanka kuwa ya gagare shi. An hana shi ɗaga abu mai nauyi, ya fake da wannan, Iliyasu ya ci gaba da wani. Gaskiyar ita ce sau ɗaya ya gwada, ya naɗa tsumma a hannu, ya kasa sa shi ƙarƙashin mayafi. Kuma wani tunani ya maƙale masa: shi ma ana nan tafe, wata rana wani zai karkata shi, ya sa hannu, ya ji abin da ya ji. Da wace fuska zai nemi a rufa masa asiri? Tsoron mutuwa bai taɓa damunsa ba. Tsoron haɗuwa da Boubacar ne ya hana shi sakat.

Wata safiyar Asabar ya yi wanka, ya manna sabuwar jaka, ya nufi teburin Habibou. Teburin yana nan inda yake, Habibou ya tsufa, gemu fari fat. Mutum bakwai ne a kan benci, 'yan ci-rani, masu wankin takalmi da masu tura ruwa. Mato bai zauna ba. Ya yi sallama ya ce, "Jama'a, ku saurare ni. A kan teburin nan na yi wa wani bawan Allah ƙazafi, a nan zan janye." Ya tattare rigarsa ya ɗaga har ƙirji. "Wannan shi ne abin da na gani a jikin Boubacar mai albasa. Ciwon daji ne, likita ne ya yanka, ba boka ba. Ni ma an cire min, an ɗinke. Boubacar bai sayar da komai ba. Ni ne jahili, ni ne na ci amana."

Wasu suka kau da kai. Wani ya ajiye kofinsa. Ɗaya daga ciki, mai lafazin Sakkwatawa, ya ce cikin ladabi, "Allah Shi ba ka lafiya, Baba. Amma wane na Boubacar?"

Mato ya tsaya riƙe da riga a sama. Habibou ne ya zagayo ya sauke masa ita da hannunsa, ya zaunar da shi a gefen benci.

"Malam, wa kaka so shi ji? Saminu ya tafi. Audu Dogo ya tafi. Shamsuddeen bara waccan. Duk waɗanda ka zamne ranar nan, ni ɗai na rage. Kai da hannunka ka wanke su."

Haka ne kuwa. Ɗaya bayan ɗaya ya naɗe su, ya ɗaure, ya saka su a ƙasa da maganarsa a cikin kunnensu. Ya zo janye magana ya taras duk ta shige ƙasa. Habibou ya haɗa masa shayi bai sha ba. Da zai tashi, Habibou ya ce masa matar Boubacar ta rasu da daɗewa, amma ɗiyar, Raihana, tana Ebute Metta, tana da rumfar kayan miya kusa da layin dogo.

Litinin ya tafi. Bai ci komai ba tun safe don kada jakar ta cika a hanya, ya sa matashin soso a kujerar danfo, ya sha cunkoso har azahar. Ya same ta tana auna barkono, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, da goyo a baya. Bai gama sallama ba ta gane shi. Ta sallami mai sayayya, ta jawo masa kujera, ba ta gaishe shi ba. Ya faɗa mata komai, tun daga ɗakin wanka har teburin Habibou, bai rage wa kansa ko kalma ba. Tana ji tana gyara tumatir a faranti. Da ya zo kan nasa ciwon, sai ta dubi gefen hagu na rigarsa, ta ce, "Na sani tun da ka zauna. Haka Babana yake dafe wurin."

Sannan ta ci gaba. "Lokacin jakar ba ta samuwa kamar yanzu. Wani direba ke kawo masa daga Kwatano. In ta ƙare, sai mu wanke tsofaffin. Ni nake wankewa, kullum da safe kafin in tafi makaranta, in shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Ina da shekara tara na fara. In babu gaba ɗaya, ledar burodi da filasta, fatar duk ta saɓule. Bai taɓa fashin jam'i ba, Baba. Wainar nan da aka mayar, ni na kai ta gida-gida, ni na dawo da ita a kaina. Kwana uku muna cinta ni da Inna. Har yau ba na iya jin ƙamshin waina."

Mato ya ce, "Raihana, na zo neman gafara."

Kamar ba ta ji ba. "Ka san abin da ya fi damunsa? Ba mutuwa ba. Wanka. Yakan ce, shekara huɗu na ɓoye, ranar nan fa? Sai wata rana ya dawo daga jana'iza da fara'a, ya ce wa Inna, na huta, Malam Mato ne zai wanke ni, shi ba ya magana. Ranar da zai cika ma sai da ya maimaita, kada a kira kowa sai kai. Ni aka aika na kira ka."

Ya tuna. Wata 'yar yarinya da hijabin makaranta, tana haki a bakin rumfar goro, ta ce Babana ya ce kai.

Jirgi ya wuce, rumfar ta girgiza, goyon ya farka ya fara kuka. Raihana ta jijjiga shi har ya yi shiru. Ta ɗebo ruwan leda ta miƙa wa tsohon, ta ce ya sha, masu jaka ba a son su zauna da ƙishi. Sannan ta ce, "Nawa na yafe, Baba. Na gaji da ɗaukarsa. Na Inna, ta ce ta bar wa Allah. Nasa kuwa ba ni da ikon bayarwa. Sai kun haɗu."

Malam Mato yana nan da rai. Gwaji biyu da aka yi masa bayan nan, likita ya ce ciwon bai dawo ba, Kalsum ta yi sadaka. Ya koma ɗaurin huhu, a zaune kan soso, hannun bai manta ba. A masallaci liman ya yi, ya yi da shi ya dawo gaba, ya ƙi. Yana nan jikin ƙofa, kuma yakan ɗan matsa ya bar tazarar mutum ɗaya tsakaninsa da ƙyaure, har a gyara masa sahu. Makabarta ya je neman kabarin, bai samu ba, wurin ya cika an sake binne wasu a kai.

Kwanan baya, bayan la'asar, ya tare Iliyasu a bakin masallaci, ya ja shi gefe. Ya ce, "Iliyasu, wasiyya zan ba ka. Kai za ka wanke ni. In ka gama, ka fita ka faɗa. Ka je teburin Habibou, ka je kasuwa, ka ce ga abin da ka gani a jikin Mato. Su faɗi abin da suka ga dama. Kada ka rufa min, ban cancanta ba. Wataƙila in aka yi min yadda na yi masa, in mun haɗu zai dube ni."

Iliyasu ya daɗe yana kallonsa. Fiye da shekara ashirin bai taɓa ɗaga maganar ranar nan ba, ko da wasa. Ya sunkuya ya gyara maɗaurin takalminsa, ya miƙe.

"Mato, ni buta nake riƙewa. Na Boubacar ban gani ba. Naka ma ba zan gani ba."

Ya ɗauki butarsa ya wuce, don an yi rasuwa a layin mahauta ana jiransa. Mato ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa na hagu dafe da gefen cikinsa, har aka kira magariba.